Maganin da Ya Tayar da Baffa Bai Tayar da Ɗansa Ba

A gidanmu na Wudil ciwon hanta ya ɗauke mana maza biyu, uba da ɗa, tsakaninsu shekara ashirin da 'yan kai. Baffana, wan mahaifina, ya rasu a ƙarshen mulkin soja. Ɗansa na fari, wanda duk gidan muke ce wa Yaya, ya bi shi bayan annobar korona ta lafa. Ciwo ɗaya ne, kumburin ciki iri ɗaya, idanu ruwan ɗorawa iri ɗaya. A zamanin Baffa ba mu san kan ciwon ba, amma allura mai araha tana ci. A zamanin Yaya mun san sunan ciwon, mun san hanyar asibiti, mun tanadi kuɗi daidai gwargwado, sai muka tarar maganin ya daina ci.

Baffa masunci ne. Gidanmu ba shi da nisa da kogi, kuma tun da na yi wayo na san shi da gora da koma, ya fita da asuba ya dawo da hantsi da tarwaɗa da karfasa. Wudil ta lokacin ba ta yau ba ce. Jami'ar kimiyya da fasaha da yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote sai a 2001 ta buɗe. Abin da ya riƙe garin shi ne kogi da fadama, da hanyar Maiduguri, da kara ranar Juma'a, wadda shanu suke fara cika ta tun daren Alhamis. Kusan kowane yaro a unguwarmu ya yi fitsarin jini na tsargiya, ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Shawara ma haka. Idan idon mutum ya sauya, a jiƙa masa saiwar rawaya, a hana shi mai, a sayo masa rake, bayan 'yan makonni a ce ta fita.

Ta Baffa ba ta fita ba. Sai ya fara ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa: kafaɗu suka zube, wuya ya tsaya, ciki ya yi gaba, fatarsa ta miƙe tana sheƙi, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa kewaye da cibiya. Gwaggo ta dube shi ta ce wa mahaifina, "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu aka sa masa." Aka kira wanzami ya yi masa tsaga layi-layi a ciki, aka shafa baƙin magani. Da wannan askar dai yake yi wa jariran unguwa askin suna, yake cire musu beli, yake yi wa yara kaciya da sanyi.

Amma mahaifina mutum ne mai raba ƙafa. Yana karɓar rubutu da jiƙo, yana kuma kai ɗan'uwansa asibiti. Duk lokacin da zazzaɓi ya rufe Baffa, cikin ya yi tauri ya ƙi taɓuwa, sai a ɗora shi a a-kori-kura a nufi asibitin garinmu. Zamanin PTF ne, asusun rarar man fetur da Janar Buhari ya shugabanta a mulkin Abacha, kuma kwalayen maganin da tambarinsa suke zuwa. Ina tsaye a bakin gado nake kallon malamin asibiti yana ɓalle murfin 'yar kwalba mai farin gari, ya zuba ruwa da sirinji, ya girgiza, ya zuƙe. Amfisilin ce. Yakan ce, "Baba, sai haƙuri, sau huɗu za mu riƙa yi maka, har da tsakar dare." Kafin mako ya zagayo Baffa ya tashi zaune yana neman kunun tsamiya, yana tambayar wa ya ari komarsa. Haka aka yi ta yi, ya kwanta allura ta tayar da shi, har muka ɗauka ita ce maganin ciwon baki ɗaya. Zazzaɓi bai kashe Baffa ba. Aman jini ya kama shi wani dare cikin hunturu, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Sai bayan shekaru, a jinyar Yaya, na fahimci abin da allurar take yaƙa. Duk jinin da ya taso daga hanji, ɗauke da abinci da guba da ƙwayoyin bakteriya, ta hanta yake bi kafin ya shiga gari, wato sauran jiki. Wanda ya san gadar Wudil a shekarun da aka kafa mata shingen bincike ya ga misalin: motar Maiduguri, ta Potiskum, ta Azare, ta Dutse, kowacce sai ta tsaya an leƙa ta. Idan gadar ta cushe, layi ya yi tsawo a baya, masu gaggawa su sauka su tsallaka a kwale-kwale ba wanda ya bincike su. Hantar da ciwo ya daɗe yana ci takan cika da tabo, ta ƙanƙance ta kandare. Jini ya taru a bayanta, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ciki, sauran jinin ya nemi ƙananan jijiyoyin maƙogwaro ya bi, su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. Abin da ya tafi da Baffa ke nan. Su kuwa bakteriyar hanji, tunda mai tare su ya gaza, sai su ratsa bangon hanjin su faɗa cikin wannan ruwa da ya kwanta, su hayayyafa. Wani likitan Amurka, Harold Conn, ya yi bayanin wannan cuta ta ruwan ciki a 1964. A farkon gano ta, cikin mutum goma tara mutuwa suke yi. Da aka samu maganin da ya dace, kuma aka riƙa ba da shi da wuri, abin ya sauko zuwa kusan biyu cikin goma. Wato mai ƙanƙantacciyar hanta ya fi kowa dogaro da maganin kashe bakteriya. Ran da maganin ya ƙi ci, ba shi da wani mataimaki a jikinsa.

Tsakanin rasuwar Baffa da kwanciyar Yaya garinmu ya cika ya batse, kemis ya shiga kowane lungu. Ga masu talla da faranti a tasha, sun jera kafso launi-launi a rana. Ba ma kiran magani da sunansa, da kalarsa muke kira: ja-da-yalo na gudawa, ja-da-baƙi na ƙurji da miki. A ɓare kafso a zazzage a koko, ko a barbaɗa a gyambo. Mai jego a ba ta Ampiclox don jiki ya haɗe, jariri a ɗiga masa don cibiya, mai mura a haɗa masa da Septrin, wanda cikinsa ya juya a ce Flagyl. Ba wanda yake sayen na mako guda. Kuɗin hannunka ne yake yanke maka adadi, na hamsin ko na ɗari, ka haɗiya yau da gobe, jiki ya yi sauƙi, ka manta.

Yaya bai gaji su ba, dillancin shanu ya shiga. Ranar Juma'a tun duku-duku yana kara, cikin rana da ƙura, yana shiga tsakanin Bafillace da mahauci ko falken da zai loda tirela zuwa Kudu. Da magariba ya biya ta wurin mai kemis ɗin unguwa, wanda kowa yake ce wa Dakta: "Dakta, jikin nan ya yi tsami, a haɗa mini." A haɗa masa na ciwon jiki, da na zazzaɓi, da sifro, maganin kashe bakteriya, guda biyu. Idan kasalar ta yi yawa ya je awon jini, a ce taifot ce. Wannan awo da ake yi cikin minti kaɗan yakan nuna taifot ko a jikin mai lafiya a ƙasa irin tamu, inda kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Shekara da shekaru Yaya yana maganin taifot, ashe hanta ce take yi masa sallama.

Shanun da yake dillanci ma ba su tsira ba. A kara, kamar kowace kara a Arewa, akwai masu shimfiɗa buhu su jera kwalaben allurar dabbobi masu ruwan ƙasa-ƙasa, da manyan sirinji. Tetarasaikilin ce mafi yawa, 'yar gidan su ja-da-yalo ɗinmu. Saniya ta yi laushi a hanya, a danna mata don ta miƙe ta yi kyan gani kafin ciniki. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a jira kafin a yanka ko a sha nono, amma wa ya karanta? Kashin shanun kuwa taki ne, fadama za shi, damina ta kwashe saura ta zuba a kogi.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Hanjin kowane mutum da kowace dabba cike yake da bakteriya, yawancinsu ba sa cutarwa. Duk kafson da aka haɗiya, ko da dalili ko babu, yakan kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, su kuma su cike gurbin. Har koya wa juna dabarar suke yi, wannan ta miƙa wa waccan sirrin karya magani ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Daga nan su bi hannu, su bi ruwa, su bi salak da tumatir, su koma cikin wanda bai taɓa shan kafso ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945 da ya karɓi kyautar Nobel, cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Mu dai ba mu ji ba, kuma ko mun ji, na hamsin ɗin muke da shi.

Da ƙafafun Yaya suka fara kumbura aka kai shi birni. Awon jini ya nuna ciwon hanta nau'in B, hoton ciki ya nuna hantar ta riga ta ƙanƙance. Aka ɗora shi a kan tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum, mai danne ƙwayar cutar. Magani ne mai kyau, da an fara shi shekaru goma kafin nan da wataƙila labarin ya sauya. Likita ya ce a kawo 'yan gida duka a auna, aka samu wasu da ita, lafiyarsu ƙalau a ido. Ba abin mamaki ba ne. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Yawanci tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da ƙurajen wasan ƙasa, ta yi shiru shekara talatin ko arba'in tana aiki.

Ranar da abin ya juya, zazzaɓin ma ba mai zafi ba ne. Barcin rana ya yi yawa, da dare ido biyu, sai ya fara kiran matarsa da sunan mahaifiyarsa. Idan ya miƙa hannu tafin yana karkaɗawa. Muka kai shi wani babban asibiti a birni. Likitar da ta karɓe shi ta soka siririyar allura a gefen cikin ta zuƙo ruwa. Maimakon garau ruwan ɗorawa, sai ga shi gurɓatacce. Ta ce ƙa'idarsu ita ce, idan wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya kai 250 a ɗan ɗigon da suke aunawa, cuta ta shiga, ba a jira. Nan take aka fara masa seftiriyazon ta jijiya, wadda ta fi amfisilin ɗin Baffa ƙarfi nesa ba kusa ba, tare da ƙarin ruwan albumin don kare ƙoda. Sai ta juyo wurin matarsa.

"Hajiya, cikin wata ukun nan me yake sha a gida?"

"Wallahi Likita, na asibiti ne kawai, sai 'yan na kemis idan jiki ya matsa."

"Kina da ɓawonsu?"

Washegari ta zo da baƙar leda. Likitar ta zazzage a kan tebur tana warewa da biro: sifro, Ampiclox, na ciwon jiki iri-iri, na olsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ware na ciwon jikin gefe ta ce daga yau ko da wasa, domin su suke durƙusar da ƙodar mai irin wannan ciwo.

Bayan kwana biyu aka sake ɗibar ruwan. Da maganin yana ci, da adadin ya ragu da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Bai ragu ba. Ni aka aika ɗakin awo karɓo sakamakon shukar ƙwayar cutar da aka yi daga ruwan cikin, kuma ma'aikacin, da ya ga na ƙagu, ya ɗago wani ɗan faranti mai murfi ya nuna mini ta bayan gilashi. Bakteriyar ta tsiro ta rufe farantin, an ɗora mata ƙananan takardu zagaye-zagaye, kowacce jiƙe da magani daban. Inda magani yake ci, sai ka ga fili fes kewaye da takardar. Yawancinsu kuwa ƙwayar ta tsiro har jikinsu, ba ko tazarar gashi. A takardar sakamakon an rubuta E. coli, 'yar hanji ce ta kowa da kowa, sai jerin magunguna, gaban kowanne harafi ɗaya. R na nufin ta bijire, S na nufin yana kashe ta. Amfisilin R. Sifro R. Septrin R. Seftiriyazon R. Sai can ƙasa S guda biyu, amikasin da merofenem.

Na yi murna da amikasin, domin ba ta da tsada. Likitar ta girgiza kai ta ce, "Malam, wannan za ta kashe ƙwayar, ta tafi da ƙodarsa." Saura merofenem, sau uku a wuni, kowace kwalba da kuɗinta mai nauyi, ga albumin da ya fi ta tsada. Sa guda da Yaya yake turke da shi don Babbar Salla aka kai kara, abokan dillancinsa suka sayar ba su karɓi la'ada ba. Maganin ya ci. Yaya ya farfaɗo, ya gane mutane, ya dawo Wudil da ƙafarsa.

A nan aka zo inda gizo yake saƙa. Wanda ya taɓa yin wannan cuta ta ruwan ciki, ƙa'ida ita ce a ɗora shi a kan maganin kariya kullum, domin tana dawowa. Wani gwaji da likitocin Barsalona ta ƙasar Sifen suka buga a 1990 ya nuna kashi 68 cikin ɗari ta dawo musu cikin shekara idan ba kariya, kashi 20 kacal idan suna shan noflokzasin. To, noflokzasin da sifro gida ɗaya suka fito, kuma ƙwayar da take cikin Yaya ta riga ta gama da gidan. Garkuwar da ya kamata a ajiye masa don wannan rana an cinye ta a taifot ɗin da babu ita. Mafita ta gaskiya dashen hanta ce. Ana dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, amma mai neman na hanta sai ya nufi Indiya ko Masar, kuma dillalin shanu ba ya wannan lissafi. Da damina ta kama zazzaɓin ya dawo, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baffa.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2019 Dakta Salvatore Piano na Italiya da abokan aikinsa suka buga bincike a kan masu ƙanƙantacciyar hanta 1,302 da cuta ta kama, a asibitoci 46 na Asiya da Turai da Amurka ta Kudu da ta Arewa. Kashi 34 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka shuka masu bijire wa magunguna da yawa ne, kuma Indiya, inda ake sayen kafso yadda muke saye, ta fi ko'ina. Babu asibitin Afirka ko ɗaya a cikin 46 ɗin. A 2022 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da ƙiyasin cewa a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka ba haka take ba. Saurayi mai ƙarfi da ya sha Ampiclox don mura zai warke, da ma murar za ta tafi da kanta. Wanda ruwan yake duka shi ne mai ciwon hanta, da jariri bakwaini, da mai sikila, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. Shi mai hanta ba za a ce masa ya rage shan maganin kashe bakteriya ba. Idan ya yi aman jini sai an ba shi, idan ruwan ciki ya gurɓata sai an ba shi cikin sa'o'i, ba gobe ba. Masu lafiya ne ya kamata su ɗaga masa ƙafa.

Ban ga amfanin tsine wa mai kemis ba. A ƙa'ida yawancin waɗannan magunguna sai da takardar likita, gaskiya ne, amma mutumin ƙauyen Garko ko Ajingi da zazzaɓi ya kama da dare, mai kemis ne likitan da yake da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, ta sabunta shi a 2024. A 2024 ɗin ne kuma aka matsa wa dilolin magani na Sabon Garin Kano su koma sabuwar kasuwarsu ta Dangwauro, don a iya sa ido a kan jabu. Duk ya yi. Amma a ganina, muddin shukar ƙwayar cuta sai an je birni, muddin awon gaskiya ya fi kafso tsada da nisa, likita ma lalube zai ci gaba da yi a duhu, balle mai kemis. Ɗan farantin nan da aka nuna mini ba na'urar miliyoyi ba ce. Kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya cancanci ɗakin da zai iya yin sa.

'Ya'yan Yaya ƙanana an auna su ba su da ƙwayar ciwon hantar, domin an haife su bayan 2004, shekarar da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta fara isa hannun jama'a cikin rigakafin yara a Najeriya. Kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati, kuma ta farko cikin sa'a 24 da haihuwa ake so, ba sai an jira suna ba, ko da a gida aka haihu. Wanda aka haifa kafin nan, musamman idan a gidansu an taɓa yin mai kumburin ciki ko aman jini, ya je a auna jininsa tun yana jin ƙarfinsa. Mai jinyar mai ruwan ciki kuwa, idan ka ga zazzaɓi ko da kaɗan ne, ko ciwon ciki, ko ruɗewa, ko barcin da ba a saba ba, kada ka biya ta kemis. Ku tafi asibiti a ranar, ka roƙi a ɗebi ruwan a kai awo kafin a yi allurar farko, kuma ka tafi da ɓawon duk maganin da ya sha.